In Tura Ta Kai Bango, Laifin Wa?

Yau hirar tamu za ta ɗan leƙa waje, ta bar zancen tsakar gida, amma don Allah kada wata ta ture littafin ta ce wannan ai maganar maza ce ta bakin titi da gindin rediyo. Duk ranar da ƙasa ta rikice, mace ce ke goya ɗa, ta ja wani a hannu, ta ɗora ƙunshi a ka, kuma in an isa inda za a kwana ita za a kalla a ce me za a ci. Tun da mu ke ɗaukar kayan, ai ya kamata mu san wanda ya ɗaure shi.

Tambayar da nake so mu juya ita ce: idan talakawa suka gaji da shugaba mai mulkin kama-karya, suka fito titi suka ce sai ya sauka, shin su ne suke jefa duniya cikin tashin hankali? Manyan ƙasashe da yawa haka suke gani, ko da ba su faɗa da baki ba. A gidajenmu ma akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba marasa hankali ba ne. Za ki ji dattijuwa ta ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Za ki ji malam ya ce tun da can magabata suna jan kunne a kan fitina, domin in ta tashi ba ta tambayar wanda ya tsokano ta. In kuwa kika ce a kawo shaida, sai a nuna miki Libiya.

To bari mu fara da Libiyar, don kada a ce mun ɓoye wani abu. Kafin 2011 Libiya ce ƙasar da samarinmu ke zuwa neman kuɗi. Daga Agadas a hau mota a ratsa sahara ta Dirku, a je Sabha ko Turabulus a yi aikin gini, ko gadi, ko wankin mota, a aiko gida da kuɗin hatsi. Amare nawa ne aka haɗa musu lefe da kuɗin Libiya? A watan Fabrairun 2011 bore ya tashi a Bengazi, a watan Maris jiragen ƙungiyar NATO suka fara ruwan bama-bamai, ranar 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi a garinsu Sirte, bayan ya shekara 42 yana mulki. Dubun-dubatar 'yan ci-rani suka dawo gida hannu rabbana, wasu ma da kyar suka tsira da rai, don an ɗauka duk baƙar fata sojan hayar Gaddafi ne. Rumbunan makamai suka zama ba mai gadi, bindigogi suka bazu cikin sahara kamar an watsa wa kaji tsaba. Kafin ƙarshen Afrilun 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi, kuma tun daga nan yankin Sahel bai huce ba. Wanda duk ya ce abin da ya faru a Libiya ya ƙona maƙwabta, wallahi bai yi ƙarya ba.

Amma ke 'yar uwa, kin san daga ina abin ya faro? A watan Yunin 1996 an harbe fursunoni wajen 1,200 a kurkukun Abu Salim da ke Turabulus, aka rufe maganar ruf. Shekara da shekaru iyaye mata da matan aure suna dafa abinci, suna wanke tufafi suna kai wa ƙofar kurkuku, masu gadi suna karɓa, alhali wanda ake kai wa ya daɗe a ƙasa. Allah Sarki! Ki ɗan tsaya ki kwatanta a ranki. Da gaskiya ta fara fitowa, sai iyalan suka riƙa taruwa a Bengazi suna riƙe da hotunan 'ya'yansu, suna neman a faɗa musu inda aka binne su. Ranar 15 ga Fabrairun 2011 aka kama lauyansu, Fathi Terbil, suka fito neman a sake shi, jama'ar gari suka biyo su. Daga nan wutar ta kama.

Duk tsawon shekarun nan duniya cewa take Libiya lafiya lau. A 2004 firayim ministan Ingila, Tony Blair, ya je har cikin tantin Gaddafi suka gaisa. A 2008 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da shi, za ta biya dala biliyan 5 cikin shekara 20, shi kuma ya tare mata jiragen ruwan baƙin haure. Kin ga ke nan abin da su suke kira zaman lafiya: mai ya ci gaba da fita, baƙi kada su tsallako teku. Kukan matan Abu Salim bai shiga lissafin ba. Mu mata mun san irin wannan. Akwai gidan da in kin wuce ba ki jin ko tari, maƙwabta suna ta yabo wai gidan wane ba a jin kansu, alhali matar ciki ta san shirun nata na tsoro ne. Kuma maƙwabcin da ke cin arzikin maigidan shi ya fi kowa yabo.

Sannan me ya sa da Gaddafi ya faɗi ƙasar duka ta bi shi? Domin ya mayar da ita rumfa mai dirka ɗaya. Tun 1972 ya haramta jam'iyyu. Sojan ƙasa ya raunana shi da gangan don kada a yi masa irin juyin mulkin da shi ya yi a 1969, ƙarfin makami ya damƙa wa rundunonin 'ya'yansa da danginsa. Ranar da dirkar ta karye babu abin da zai riƙe rufin. Masu bore ba su suka sare sauran dirkokin ba, sun tarar an riga an sare. Su kuma masu jirage da suka zo daga ƙetare, da suka gama ruguzawa sai suka kaɗe riga suka koma gida.

Inda na fi so mu daɗe shi ne Sudan, domin Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa ta nan suka bi, da yawa suka yada zango ba su sake tashi ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai unguwanni a can da in kin shiga Hausa za ki ji ana yi tsantsa.

Umar al-Bashir ya hau mulki ta juyin mulki ranar 30 ga Yunin 1989, ya yi shekara 30 ba kaɗan. Da tawaye ya tashi a Darfur a 2003, sai ya raba wa wasu mayaƙan sa-kai makamai, waɗanda ake kira Janjawid, suka riƙa ƙona ƙauyuka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 suka mutu. A 2009 kotun duniya da ke Hague ta ba da sammacin kama shi. Maimakon ya wargaza mayaƙan nan, a 2013 sai ya ɗinka musu kaki ya mayar da su runduna mai suna RSF, ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo da ake kira Hemeti. Ya bar musu ma'adinan zinare, ya tura su yaƙin Yaman suna samo kuɗi. Dalili? Yana tsoron sojansa na asali kada su kifar da shi. Wato mutum ne yana tsoron karen gidansa, sai ya je ya kamo kura ya ɗaure a zaure. Duk da haka ƙasashen Turai sun zauna da gwamnatinsa a 2014 a kan yadda za a tare baƙin haure, Amurka kuma ta ɗage masa takunkumin tattalin arziki a 2017. A idon duniya, Sudan tana da mai riƙe da ita.

A ciki kuwa, tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, rayuwa ta yi ta tsanani. Matan da ke sayar da shayi a bakin titin Kartum, waɗanda da yawansu yaƙi ne ya koro su daga garuruwansu, kullum cikin fargaba suke, 'yan sanda su zo su kwashe butoci da kujeru, sai an biya tara. A watan Disambar 2018 burodin da ake saya fam 1 ya koma fam 3. Layi a gidan burodi, layi a gidan mai, layi a banki kuma a ce babu kuɗi. Ke da kike auna garin tuwo da gwangwani kin san abin da ake nufi in abincin safe ya ninka sau uku dare ɗaya. Ranar 19 ga Disamba mutanen garin Atbara suka fito, suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki, abin ya bazu gari-gari.

Wata huɗu ana yi, ana harbi, ana kamawa, ba su ɗauki makami ba. Ranar 6 ga Afrilun 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja. Mata suna sahun gaba, har ana yi musu kirari da kandaka, sunan sarauniyoyin ƙasar na zamanin da. Wata ɗaliba, Alaa Salah, ta hau kan mota cikin farin lafaya tana ba da waƙa ana amsawa, hotonta ya zagaya duniya. Masu shayin nan da aka saba kora su suka kafa tukwane suna ciyar da jama'a. Ranar 11 ga Afrilu soja suka sauke al-Bashir. Da aka bincika gidansa aka tarar da tulin kuɗin ƙasashen waje, a ƙasar da uwa ke kwana a layin burodi.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu yi guɗa. Amma kurar nan tana nan a zaure. Ranar 3 ga Yunin 2019, ana gab da sallar azumi, dakaru suka afka wa masu zaman dirshan da asuba. Likitoci suka ce an kashe sama da mutum 100, an tsamo wasu gawarwakin daga kogin Nilu, an kuma ci zarafin mata. Duk da haka jama'a suka sake fitowa, har aka yi yarjejeniyar raba mulki a watan Agusta, Abdalla Hamdok ya zama firayim minista. Ranar 25 ga Oktoban 2021 Janar Burhan na soja da Hemeti na RSF suka haɗa kai suka kori farar hula. Tsaro ya ƙara lalacewa. A 2022 rikici kan filaye ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a yankin Damazin, ta wajen iyakar Habasha, aka kashe ɗaruruwan mutane. Sannan ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi kuma, janar-janar ɗin biyu suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Kartum.

Wannan yaƙin ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. Dubban ɗaruruwa sun tsallaka Chadi ta garin Adre, yawancinsu mata da yara. An tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam a 2024, garin Al-Fashir kuma ya faɗa hannun RSF a watan Oktoban 2025 bayan an yi masa ƙawanya wajen shekara ɗaya da rabi. Mu ma ya taɓa mu, domin ɗalibanmu da ke karatu a can sai da aka kwaso su a motocin safa zuwa iyakar Masar, iyaye a nan ba barci.

To yanzu ki dubi lamarin da idon basira. Wa ke harba bindigar nan? Ɗalibar da ta hau mota ce, ko mai shayi? Duka janar-janar ɗin biyu 'ya'yan ɗakin al-Bashir ne, shi ya rene su, shi ya ba su makami a shekarun da ake cewa ƙasa na zaune lafiya. Ko da ba a yi bore ba, mutumin ya haura shekara 70 a lokacin, wata rana dole ya bar kujerar, kuma kare da kura suna nan suna harar juna. Sai kuma masu zuba wa wutar kananzir daga waje. An sha zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ba RSF makamai, ita kuma tana musantawa, Masar kuwa kowa ya san tana bayan soja. Talakan da ya fito don burodi ba shi da jirgin da zai yi jigilar harsashi.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, wato amsar da shugaba ke bayarwa ranar da jama'a suka fito. Ku 'yan uwanmu na Nijar kun fi mu sanin wannan. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai, gari ya ɗau zafi, ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki. Janar Ali Saibou yana da soja, yana da bindiga, amma ya sassauto ya yarda a yi babban taron ƙasa. Da aka kafa kwamitin shirya taron aka sa mace ɗaya tak, sai mata suka yi ɗango a titin Yamai ranar 13 ga Mayun 1991 har aka ƙara musu kujeru, shi ya sa ranar ta zama ranar mata a Nijar. A 1993 aka yi zaɓe, Saibou ya miƙa wa Mahamane Ousmane mulki ya koma gida. Ban ce komai ya gyaru ba, don a 1996 soja sun sake dawowa. Amma ba wanda ya goya ɗa ya tsallaka iyaka saboda wannan boren.

Ki gwada da Siriya. A watan Maris na 2011 aka kama wasu yara a garin Dar'a don sun yi rubutu a bango, aka azabtar da su, iyaye suka fito neman 'ya'yansu. Bashar al-Assad ya amsa da harsashi, daga baya da tankoki da jirage. Ƙasashe suka shigo, kowa da nasa ɓangaren. Shekara 13 ana yaƙi, wajen rabin mutanen ƙasar suka bar gidajensu, a 2015 kaɗai sama da mutum miliyan ɗaya suka kwarara Turai, kuma 'yan Siriya ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙarshenta a watan Disambar 2024 ya gudu Rasha. Abin da ya ƙi bayarwa da arha, ya zo ya bayar bayan ƙasa ta zama kufai.

Kada ki ɗauka ina wanke masu bore tas. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kira 'ya'yan mutane titi alhali bai tanadi abin da za a yi washegarin faɗuwar shugaba ba, akwai haƙƙi a wuyansa. Tunisiya ta tsira daga yaƙi bayan Ben Ali ya gudu a watan Janairun 2011, kuma babban dalili shi ne tana da tsohuwar ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi tun 1946, wadda ta haɗu da lauyoyi da 'yan kasuwa da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka zaunar da 'yan siyasa a tabarma ɗaya, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2015. Ita ma ɗin tun 2021 shugaba Kais Saied ya tattara iko a hannunsa, abin da aka sha wahala a kai ya yi ta zubewa. Sannan akwai maganar makami. Wasu mata biyu masana a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi diddigin gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka ga waɗanda aka yi ba da makami ba sun yi nasara fiye da rabi, na makami kuwa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ni abin bai ba ni mamaki ba. In babu bindiga, tsohuwa za ta fito, mai goyo za ta fito, kuma sojan da aka ce ya yi harbi yana iya hango innarsa a cikin taron. Da zarar bindiga ta shigo, mu mata an sallame mu, fili ya zama na samari masu zafin kai da masu sayar musu da harsashi.

Ni dai a nawa ɗan tunanin, idan aka ce bore na barazana ga zaman lafiyar duniya, sai na tambaya tun yaushe aka fara ƙirga. In daga ranar da jama'a suka fito titi aka fara, to laifi zai hau kansu. In kuwa aka koma baya zuwa 1996 a Abu Salim, ko 2003 a Darfur, za a ga bashi ne aka daɗe ana ci, masu mulki suna ci, abokansu na waje suna sa hannu a matsayin shaidu, ranar biya kuma aka kawo wa talaka takardar, shi da maƙwabcinsa.

Su kuwa matasan Sudan da suka shirya zanga-zangar 2019, a unguwa-unguwa suka tsara kansu, kowace unguwa da kwamitinta. Da yaƙi ya ɓarke a 2023, ma'aikatu suka watse, ƙungiyoyin agaji na waje da yawa suka kwashe ma'aikatansu, sai waɗannan kwamitocin suka koma aikin agajin gaggawa. Suka buɗe wuraren girki na unguwa da suke kira takaya, 'yan uwa da ke ƙasashen waje suna turo kuɗi ta waya, ana sayen wake da adas ana dafawa a manyan tukwane, kowa ya zo da kwanonsa ya shiga layi. Su ke neman ungozoma in naƙuda ta kama mace cikin dare, su ke haƙa kabari. Soja sun kama wasunsu suna zargin suna yi wa RSF aiki, RSF ma ta kama wasu tana zargin suna yi wa soja aiki, an kuma kashe da dama a bakin aikin.